Roƙo daga Argungu: a ba wasan Go ɗan gefe a shafin wasanni

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare nan Argungu, na daɗe ina bin shafinku na wasanni, to amma kullum in na buɗe ƙwallo ce, sai dambe da kokawa jefi-jefi, ban taɓa ganin an taɓo wasannin zaune ba waɗanda ake yi da ƙwaƙwalwa, ko darar nan tamu ta gado ban ga an ba ta layi biyu ba. Shi ya sa na ce bari in rubuto in yi roƙo, in kuma gabatar wa masu karatu wani wasa da ya kama ni yau kusan shekara biyu ke nan, sunansa Go.

Ƙanena ne da ya yi karatu a ƙasar Sin ya dawo mana da shi cikin tsaraba, allo mai naɗewa da gwangwani biyu cike da 'yan duwatsu masu santsi kamar maɓallin riga, ɗaya baƙaƙe ɗaya farare. Can Sin inda wasan ya samo asali Weiqi suke ce masa, kuma ya haura shekara 2,500 ana yin sa, mutanen Koriya su ce Baduk, Japan su ce Igo, daga bakin Japanawan ne Turawa sunka ɗauko sunan Go. A da can ƙasar Sin ba a ƙirga mutum cikin cikakkun masu ilimi sai ya iya abu huɗu, kiɗan molonsu da iya rubutu mai kyau da zane da wanga wasa. Da ya faɗa mini haka na ɗauka abu ne mai dokoki tuli, ashe dokokinsa ba su kai na dirafti yawa ba, cikin minti goma ya gama koya mini, amma wallahi har yau ban ga ƙarshen zurfinsa ba.

Ga yadda yake. Allon layi ne 19 a tsaye 19 a kwance, in ka lissafa mahaɗar layukan za ka samu 361, kuma a kan mahaɗar ake aza dutse ba cikin gida ba kamar yadda munka saba a dirafti. Baƙi yana da dutse 181 fari 180. Baƙi ke farawa, wannan ya aza ɗaya wancan ya aza ɗaya, duk inda ka ga dama in dai ba kowa a wurin. Kuma dutse in ya sauka ya sauka ke nan, ba ya gusawa gaba ko baya, sai dai a kashe shi a ɗauke.

Wannan maganar ta rashin gusawa ita ta fi ba mutanenmu mamaki. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tun ina yaro nake ganin sa gindin dalbejiya yana dara, rami 30 a ƙasa kowa da 'ya'yansa 12, shi da tsinke abokinsa da tsakuwa, kuma ba mai zama gabansa ya tashi da daɗin rai. Ranar da na fara nuna masa Go mun aza kamar goma-goma sai na ga ya kai yatsa zai tura dutsensa gefe, ya ce to ɗana ai an gama zubi, yaushe za a fara tafiya? Na ce Baba a wanga wasan ba tafiya, daga farko har ƙarshe shuka ce. Ya janye hannu ya yi shiru yana kallon allon, can ya ce to ashe noma ne. Kuma gaskiyarsa, ban taɓa jin wanda ya bayyana wasan a taƙaice kamar haka ba, domin manufar duka ita ce ka kewaye fili da duwatsunka ya zama gonarka, wanda gonarsa ta fi faɗi a ƙarshe shi ya ci. Kisa yana ciki amma ba shi ne abin nema ba.

To yaya ake kisan? Kowane dutse yana da wuraren shan iska, wato mahaɗun da ke maƙwabtaka da shi ta kan layi, gabas yamma kudu arewa, ban da na karkace. Sinawa kalmar da suke kiran wuraren da ita ma'anarta iska ko numfashi, mu ma a nan sai munka ce numfashi kawai. Dutse a tsakiyar allo numfashinsa 4, a bakin allo 3, a can ƙuryar kusurwa 2 tak. In ka jera dutse kusa da ɗan'uwansa a kan layi sun zama garke ɗaya, numfashinsu na tarayya ne, biyu a tsakiya suna da 6, su rayu tare su mutu tare. In abokin wasanka ya toshe duk numfashin garke sai ya kwashe shi gaba ɗaya ko dutse 30 ne, ya ajiye gefe a matsayin kamammu. In numfashi ya rage saura ɗaya Japanawa suna cewa atari, yarana na makaranta kuma su ce wuƙa a wuya, kuma sunan ya bi shi. Ba a yarda ka aza dutse inda ba shi da numfashi ko ɗaya ba, wato ka kashe kanka da kanka, sai fa in azawar nan ita za ta toshe numfashin ƙarshe na abokin gaba, to nan ya halatta domin da ka kwashe nasa naka ya samu iska.

Daga wannan 'yar dokar ce babban sirrin wasan ya fito, wato maganar ido biyu, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗan natsu a nan. A ce an kewaye garkenka ta waje kaf, amma a cikin cikinsa akwai gurbi ɗaya da ba kowa, shi ake kira ido. Abokin wasanka zai iya jefa dutse cikin idon nan tunda shi ne numfashinka na ƙarshe, ya kwashe ku duka. Amma in gurbin biyu ne a rabe, ya jefa a na farko kashe kai ne domin kana da sauran numfashi a na biyu, ya jefa a na biyu haka nan, kuma ba ya da ikon aza dutse biyu a lokaci ɗaya. Ke nan garke mai ido biyu ya rayu har a tashi, ko an yi masa zobe bakwai. Duk faɗan da za ka ga ana yi a allo in ka bi diddigi a nan yake ƙarewa, wannan yana neman ido biyu wancan yana neman hana shi. Misali in gurbi uku ne a jere cikin garkenka, wanda ya riga aza dutse a na tsakiya shi ke da magana, in kai ne ka raba shi ido biyu ka tsira, in shi ne ka mutu. Huɗu a miƙe rayayye ne ko ba ka ƙara komai ba tukuna, in ya shigo ka amsa, amma huɗu a dunƙule biyu bisa biyu matacce ne ko kai ke da hannu. Akwai kuma idon ƙarya, ka gan shi kamar ido amma duwatsun da sunka yi masa bango ba su haɗe da sauran ba, ana matsa su sai ka cike shi da hannunka. Idon ƙarya ya kashe mini garke ya fi a ƙirga kafin in gane shi, kuma har yanzu in na ga yaro ya jingina da shi yana murna sai in ji ba daɗi domin na san abin da ke tafe.

Doka ɗaya ta rage, sunanta ko, haka Japanawa ke kiran ta ba ko ɗinmu na tambaya ba. Wani lokaci sai a samu wuri da zan ci maka dutse ɗaya, kai ma nan take ka ci nawa allo ya koma yadda yake, in sake ci ka sake ci har gari ya waye. To doka ta ce ba ka rama nan take, sai ka je wani wuri ka aza tukuna, in na bi ka na amsa a can sannan ka dawo ka rama. Don haka sai ka nemo inda za ka yi mini barazanar da ba zan iya kau da kai ba. Mu ramuwa muke ce mata. Akwai kuma yanayin da garke biyu na abokan gaba za su maƙale da juna ba mai ido biyu, amma duk wanda ya fara kai hannu shi zai mutu, sai a bar su haka nan kowa ya rayu, Japanawa suna cewa seki, Baba ya ce wannan ai zaman doya da manja ne.

In wuri ya ƙare kowa ya ga ba inda zai ƙaru sai ya ce na wuce, in duka biyu sunka wuce a jere wasa ya tashi. A kwashe matattun duwatsu a yi ƙirga. Lissafin Japan da Koriya shi ne gurbin da ka kewaye haɗe da kamammunka, na Sin kuma gurbin da ka kewaye haɗe da duwatsunka da ke kan allo, kuma kusan kullum mutum ɗaya ne ke ci ko da wanne anka yi. Tunda baƙi ya riga farawa sai a ƙara wa fari maki 6.5 a tsarin Japan ko 7.5 a na Sin, sunansa komi, mu kuma gyara muke cewa kamar dai wadda mai awo ke ƙara maka bisa mudu. Rabin nan an sa shi ne don kada a yi kunnen doki.

Dokoki ke nan sun ƙare. Dabara kuwa teku ce, amma akwai kaɗan da in sabon shiga ya riƙe zai rage shan kashi. Ta farko, kusurwa kafin gefe, gefe kafin tsakiya. Wannan lissafi ne tsagwaronsa kuma nakan ba ɗalibai su gwada da hannunsu: in kana son kewaye gurbi 9, uku sau uku, a kusurwa dutse 6 ya ishe ka domin bakin allo ya yi maka bango biyu kyauta, a gefe sai 9, a tsakiya sai 12. Duk wanda ya taɓa yi wa lambu shinge a fadama ya san bambancin wanda lambunsa ya jingina da bakin gulbi da wanda nasa ke tsakiyar fili, ƙayar da za su saro ba ɗaya ba ce. Shi ya sa za ka ga gwanaye sun fara da kusurwa huɗu, kuma ba can ƙurya suke azawa ba, a layi na uku ko na huɗu daga baki. Na uku yana riƙe gona, na huɗu yana ba ka ƙarfi ta wajen tsakiya. Sabon shiga kuwa ko dai ya lafe a layin farko yana tara abin da bai kai ya kawo ba, ko ya faɗa tsakiya yana gina katangar da ba ta kewaye komai ba.

Ta biyu ita ce tsani, shicho a bakin Japanawa. Ka sa dutse cikin wuƙa a wuya, ya gudu, ka tare gabansa ya sake komawa saura ɗaya, ya gudu ka tare, haka za ku yi ta hawa a karkace kamar matakala har ku kai bakin allo inda ba sauran wurin gudu, ya mutu da duk abin da ya zuba. Amma in akwai dutsen mai gudun ko ɗaya a kan hanyar can gaba to tsani ya karye, kuma mai korar ne zai shiga uku domin bangonsa duk kafa ne. Don haka kafin ka fara sai ka bi hanyar da ido har ƙarshe ba tare da ka taɓa komai ba. Daren da ƙanena ya fara kama ni da tsani ina ta gudu ina ganin yanzu zan fita, sai da na zuba kusan dutse goma sha biyar sannan ya aza na ƙarshe ya kwashe su, gefen allon ya zama fayau. Bai yi dariya ba, ya maido su ɗaya bayan ɗaya ya nuna mini cewa tun a na biyu ya kamata in haƙura in bar shi ya ci ɗaya in tafi wani wuri. Ƙanwar tsani kuma ita ce geta, maimakon ka manne wa dutse sai ka aza naka ɗan nesa a karkace ta yadda duk ta inda ya ɓullo zai tarar an tare. Mu mutanen Argungu ba mu sha wahalar raɗa mata suna ba, homa munka ce, domin duk wanda ya ga masunta a Matan Fada ranar bikin kamun kifi ya san ba a bin kifi da gudu, buɗe masa homa ake yi ya shigo da kansa.

Ta uku ita ce ta fi wuya ga 'yan dara da 'yan dirafti, wato rage kwaɗayin ci. Mun saba cewa wanda ya ci 'ya'yan wani shi ke gaba, to a nan za ka iya bin dutse uku kana kora har ka cinye, ka ɗago kai ka tarar mutumin ya shinge rabin allo yana bin ka da kallo. Baba ya fi wata guda yana wannan kuskure, yana ci yana faɗuwa, har ranar da ya ce shi fa ya gane, wanda ke korar ɓera a gona damina na wuce shi. Daga nan wasansa ya canza, yanzu in ya ga dutsensa biyu sun shiga tarko ba ya ko waiwaye. Abin da ke tafiya tare da wannan shi ne abin da Japanawa ke kira sente da gote, sente shi ne ka aza inda dole a amsa maka, ragama na hannunka, gote kuma kai ne mai bin baya. Kafin ka amsa kowace azawa tambayi kanka, in na ƙyale mi zan rasa, kuma akwai inda ya fi nan girma? Sau da yawa za ka ga barazanar ba ta kai a tanka mata ba. Sai kuma ka riƙa haɗa naka kana raba nasa, garke ɗaya babba ido biyu kawai yake nema, garke uku ƙanana ido shida.

Wani abin da ya burge ni shi ne gwani da ɗan koyo suna iya zama su yi wasa na gaske ba na lallashi ba. Akwai matakai, sabon shiga yana farawa wajen kyu 30 yana saukowa har kyu 1, daga nan ya shiga dan 1 ya yi ta hawa, ƙwararru masu cin abinci da wasan kuma nasu ya kai dan 9. In na fi ka da mataki huɗu sai ka riƙe baƙi ka aza dutse 4 tun kafin in fara, a kan ɗigon nan da anka yi wa alama a allo, ana iya ba da har 9. Da haka ni da ɗalibin da ya fara jiya sai mu yi gumi mu duka.

Masu bin labaran kimiyya wataƙila sun taɓa jin sunan wasan a 2016. Tun 1997 kwamfuta ta doke Kasparov zakaran duniya a wasan ces, amma Go ya gagare ta kusan shekara ashirin bayan nan saboda yawan hanyoyinsa ya wuce a bi su ɗaya-ɗaya. Sai a watan Maris na 2016 wata manhaja mai suna AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta kara da Lee Sedol na Koriya ta Kudu a birnin Seoul ta ci shi 4 da 1, a 2017 kuma ta ci Ke Jie na Sin 3 da nema. A wasa na biyu da Lee ta yi wata azawa ta 37 a layi na biyar wadda masana sunka ɗauka kuskure ne sai daga baya anka ga amfaninta, shi kuma a wasa na huɗu ya yi tasa ta 78 wadda ta rikita na'urar har ya samu ci ɗayan nan. Na kawo wannan ne don matasanmu masu sha'awar ƙirƙirarriyar basira su san cewa a kan allon nan aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajenta.

Yanzu ga abin da ya sa na damu har na zauna rubuta wagga doguwar wasiƙa Malam Edita. Ina ganin yaran da na koyar da hannuna, masu kaifin kai, sun ƙare a shagunan caca ta ƙwallo daga safe har dare suna kallon allo suna jiran sa'a, kuɗin da sunka samu a aikin shinkafa ko kabu-kabu ya tafi a banza, wani har wayarsa ya sayar. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ban ce Go zai magance wannan ba, rashin aikin yi ne babbar cutar, amma matashi yana son inda zai gwada kansa da wani ya nuna ya fi, kuma in ba a ba shi mai kyau ba zai samo marar kyau. Go ba ƙuri'a a cikinsa ba jefa ɗan ludo ba katin da anka ɓoye, komai a fili yake gaban ku biyu, in ka faɗi ka san inda ka yi kuskure kuma gobe kana iya gyarawa. Mu dai a majalisarmu sharaɗi biyu munka kafa tun ranar farko, ba a sa ko sisi, kuma da an kira salla a rufe allo da tabarma a tashi, duwatsu ba inda za su a dawo a tarar da su.

Kuma ba ya buƙatar kuɗi. A makaranta kwali munka samu na taliya munka ja layi 9 da 9 da biro da rula, domin a ƙaramin allo ake koyo, daga nan 13 sannan 19. Farin wake shi ne fari, ƙwallon tsamiya shi ne baƙi, daga baya da kaji sunka dame mu da tsince waken sai munka koma marfin kwalba, wani a kife wani a buɗe. Ranar farko ba na ma yi musu maganar gona, cewa nake duk wanda ya fara cin dutse ɗaya ya ci wasa, cikin rabin awa sun gane numfashi da kansu. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ba ta cika magana a aji ba, ko tambaya na yi sai ta sunkuyar da kai, mako na uku na tsaya bayanta tana wasa da wani yaro mai baki, ya sa mata wuƙa a wuya yana ta cika baki, na ga ta ɗaga yatsa sama da kwalin ba ta taɓa ba tana bin hanyar tsani a hankali leɓenta na motsi, ta kai har inda wani marfinta yake can gefe, sannan ta gudu da dutsen. Tsanin ya karye daidai inda ta lissafa. Ta hango azawa fiye da goma a kanta, yarinyar da ake cewa ba ta jin lissafi. Tun ranar na canza yadda nake yi mata tambaya a aji.

Matsalarmu ita ce duk abin da za ka samu na koyo a intanet da Turanci yake ko harsunan can, masu waya suna iya shiga shafukan wasan Go irin su OGS su yi wasa kyauta da mutanen duniya, amma bayani da Hausa ni dai ban ci karo da shi ba. Don haka roƙona, ku ba mu ɗan gefe ko da sau ɗaya a mako, a zana ƙaramin allo a sa tambaya ɗaya, baƙi ne da hannu ina zai aza ya rayu, mako mai zuwa a kawo amsa. Ni zan iya turo tambayoyin da zanensu ba sai an biya ni ba. A haɗa da dara ma a gefen, domin dattawan da sunka san dabarunta suna ta tafiya ba a rubuta ba, kuma mutanenmu na ƙasar Zuru an san su da ita ƙwarai. Sunayen nan da munka raɗa kuma, numfashi da wuƙa a wuya da ramuwa da gyara da homa, ba mu ce dole su za a bi ba, in wani a Gusau ko Yawuri ko Kano yana da wanda ya fi dacewa ya rubuto ta wannan shafi mu ji, sente da gote musamman har yau ba mu samu sunan da ya zauna mana a baki ba.

Wanda duk hanya ta biyo da shi Argungu kuma yana son ya gani da ido, muna zama bayan la'asar ranar Asabar da Lahadi, allon babba ɗaya ne amma kwali akwai da yawa.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Malamin lissafi, daga Argungu, Jihar Kebbi